Hannun Fatoma a Kwanon Baƙo

Shekara arba'in da tara na yi a duniya allura ba ta taɓa shiga jikina ba. Kowa a unguwarmu ta New Bell ya san haka, domin ni da bakina na faɗa wa kowa. Sauron Douala, wanda ke kayar da ƙarti, in ya cije ni sai ya koma jikin bango ya zauna yana haki. Ruwan sama ya sha dukana tun daga Ndokoti har gida, ban yi ko atishawa ba. In an gan ni a asibiti to dubiya na je, kuma marasa lafiya kan ji daɗin zuwana, don ganin wuyana kaɗai yana tuna wa mutum cewa akwai sauran lafiya a duniya.

Wannan maganar nake yi wata Talata da hantsi a kasuwar Sandaga, ina tsaye gindin babbar mota ana sauke albasa, sai na ji ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora mini buhu. Na ce wa direba ya daina motsa motar. Ya ce motar a kashe take tun asuba. Ban sake sanin inda nake ba sai da na buɗe ido na gan ni kwance a kan buhuna, hulata a cikin kwata, 'yan dako huɗu suna gardama da Faransanci da Fulatanci kan wa zai kama kai wa zai kama ƙafa. An tsayar da benskin biyu, wato 'yan acaɓarmu na nan. Kowanne ya dube ni, ya dubi tayarsa ta baya, ya ƙara gaba. A amalanken tura kaya aka kai ni asibiti, a gaban duk wanda ya taɓa jin labarin lafiyata.

Ni fatoma ne. 'Yan kasuwa masu kawo albasa daga Garoua da Maroua, wasu ma daga can Najeriya, ba su da gida a Douala, sai su sauka wurina. Ni ke ba su ɗaki da tabarma da abinci, ni ke nemo musu mai saye, ni ke tsaya musu in an tashi cutarsu da yaren da ba su ji. Aikin na gada daga mahaifina, tare da zaure, da ɗaki shida, da doka guda: ba a buɗe wa baƙo kwano sai maigida ya wanke hannu ya zauna ya ci tare da shi. Ba ɗanɗanawa ba, ci. A zamanin kakana mutumin Arewa in ya iso bakin teku tsoron abinci yake yi, bai san wa ya yanka ba, bai san me aka zuba ba. Hannun maigida a cikin kwano shi ne shaidar cewa ba komai. Tsoron nan ya daɗe da mutuwa, amma dokar tana nan da ranta.

Abin da kakana bai hango ba shi ne cunkoson Ndokoti. Motoci sukan taso tare daga Arewa, amma wannan mararrabar ba ta sakinsu tare. Ɗaya ta kuɓuto da hantsi, ɗaya da azahar, wata sai gab da la'asar, kowace kuma da kwanonta. A lokacin albasa nakan ci abincin rana sau huɗu, wata rana biyar, bayan na karya da makala, wato fankenmu na nan, da wake da kunu kamar kowane ɗan garin nan. Kowane kwano kuma da shayinsa, mai madarar gwangwani, wanda cokali ke iya tsayawa a ciki. Ban taɓa ɗaukar wannan kwaɗayi ba. Aiki ne. Wasu da kai suke dako, ni da ciki nake yi.

Akwai kuma mutumin tsallaken titi. Shekara tara da suka wuce ya zo da jaka ɗaya da buta, ya sauka a ɗakina na ƙarshe, ya ci kwanona har kumatunsa suka fito, ya haddace fuskokin masu sayena ɗaya bayan ɗaya. Yau ya gina bene daidai ƙofata, ya sa fanka a kowane ɗaki, shi ma wai fatoma. In ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Maigida, barka da hutawa." Ban taɓa jin gaisuwar da ke sa ni neman dutse ba sai tasa.

Likitar da aka kai ni wurinta 'yar unguwarmu ce. Na san ubanta, ma'aikacin ofis ne mai karanta jarida da tabarau, na kuma san ranar da aka haife ta. Ta tafi makaranta ta dawo da farar riga da wani irin kallon da ba a yi wa manya.

"Kawu, ɗaga rigar," in ji ta.

"Wace riga?"

"Babbar. Da ta cikin."

"Ke 'yar nan, ni fa na ci ragon sunanki."

"Na ga alama. Ɗaga."

Ta ɗauko tef irin na tela ta zagaye ni da shi ta saitin cibiya. Sai da ta yi 'yar tafiya kafin ta dawo inda ta faro. Ta duba lamba, ta ce wani abu da Faransanci ƙasa-ƙasa, ta rubuta. Ta ɗaure mini dantse da abin awon jini, ya matse ni har na ga kakannina. Ta sake awo. Ta ce gobe in dawo da sassafe ban sa komai a ciki ba, za a ɗebi jini. Na dawo da kofi biyu kawai na shayi a cikina, don ni a lissafina shayi ba ya cikin komai. Ta kore ni a gaban mata masu awon ciki. Sai rana ta uku aka yi, allurar farko a tarihina, kuma ƙarya ne ban yi ihu ba, salati na yi da ƙarfi.

Da takarda ta fito sai ta kira wani dogon suna da Faransanci wanda har yau na ƙi riƙewa. Ta ce ba cuta ɗaya ba ce. Abu biyar ake dubawa: faɗin ƙugu, hawan jini, sukarin da ke cikin jini kafin a karya, wani kitse mai yawo a jini, da wani kitsen na kirki mai share hanya wanda ake so ya yi yawa. Wanda aka kama da uku ya shiga layi.

"Ni nawa gare ni?"

"Huɗu."

"Na biyar ɗin fa?"

"Yana Ndokoti, zai iso." Ko murmushi ba ta yi ba. "Kawu, kai ka san baƙi. Waɗannan tare suke tafiya, in ɗaya ya sami masauki sai ya kira sauran. Tumbin nan ne masaukinsu. Kitsen cikin ciki ba zama kawai yake yi ba, shi ke hana jiki kwashe sukari daga jini yadda ya kamata. Sukari ya taru, jijiyoyi su ƙanƙance, zuciya ta yi ta turi da ƙarfi. Ciwon sukari bai kama ka ba tukuna, amma yana zaure yana cire takalmi. Bayansa kuma akwai shanyewar ɓarin jiki, akwai zuciya, akwai ƙoda."

"Ni ba na jin ciwon komai."

"Na sani. Ai da ƙafarka ka zo."

Ta jera mini dokokinta. Faranti ɗaya a kowane cin abinci, rabinsa ganye. Sukari a shayi, babu. Lemon kwalba, babu. A rage gishiri, a rage dunƙule, a rage man ja. Tafiya a ƙasa rabin awa kullum, irin wadda ke sa gumi. Ƙwaya ɗaya kowace safiya don hawan jini, ko na ji garau ko ban ji ba. In dawo bayan wata uku. Na yi mata bayanin kwanon baƙi, a tsanake, yadda ake yi wa wanda bai san duniya ba. Ta ce, "To su baƙin su zo in auna su, amma kai ne a gabana." Na tsane ta ranar nan, kuma ban ce na daina ba.

Hajiya, uwar 'ya'yana, ta karɓi takardar kamar an ba ta mulkin gari. Matar da ta shekara ashirin da shida tana zuba mai a miya har ya taso ya yi tafki, dare ɗaya ta zama mai wa'azin ganye. Ta sayo wani faranti wanda ko kyanwa aka sa wa abinci a ciki za ta kai ƙara. Ta aika kasuwar masunta ta Youpwé aka kawo kifi, ta gasa shi ƙaƙas, ba mai ba yaji mai gishiri, ta ajiye mini da zogale a gefe.

"Wannan na waye, Hajiya?"

"Naka ne, Maigida."

"Ina sauran?"

"Yana jikinka tun bara."

Na ja mata kunne a kan abu ɗaya: kada baƙo ko ɗaya ya ji. Faɗuwar Sandaga na riga na ce santsin ɓawon albasa ne. Fatoma mara lafiya ba fatoma ba ne, ba wanda zai danƙa motar kaya a hannun mutumin da ake ganin gobe ba ya nan. Kuma akwai Baba. Baba tsohon ɗan kasuwa ne daga Maroua, siriri kamar sanda, tun zamanin mahaifina yake sauka gidanmu. Shi ne babban masu albasar wajensu. Inda ya ajiye butarsa, nan sauran ke ajiye tasu. Mutumin tsallake ya shekara uku yana zawarcinsa da kilishi da turare. In Baba ya tsallaka titin nan, ɗakuna shidan nan sai in zuba kaji a ciki. Zai zo kuwa ƙarshen kaka, kamar kullum.

Saboda haka wata ukun farko na bi doka ta hanyata. A ɗakin Hajiya ina cin ganye kamar akuya, a zaure kuma ina cin kwanon baƙi kamar yadda ubana ya koya mini. Sukari na bar shi da gaske, na koma zuma, cokali uku, tunda zuma ba a masana'anta ake yin ta ba. Lemon kwalba na bari, na koma folere, wato zoɓo, wanda wata mata a bakin masallaci ke haɗawa da sanyi, ban kuma tambaye ta me take zubawa ba don ba na son shiga sirrin mutane. Ƙwayar ina sha in ƙeya ta yi nauyi, in ta saki in huta.

Tafiya kuwa ita ta fi cin mutuncina. A New Bell mutum mai girmana ba ya tafiya a ƙasa sai in wani abu ya lalace. Rana ta biyu, bayan sallar asuba, ina tafe ina haki, sai na ji muryar mutumin tsallake daga saman bene.

"Maigida! Lafiya? Ko an sayar da babur ɗin naka ne? Ai da ka yi magana."

"Ina duba kwatar unguwa ne," na ce, "na ji an ce wani sabon gini ya toshe ta."

Daga nan na sauya hanya, na riƙa bi ta lungun da mata ke suyar makala. Mutum kuma ba ya wuce maƙwabta bai yi ciniki ba.

Da wata uku ya cika na koma ina taƙama. Ta auna ƙugu, ta auna jini, ta karanta takarda, ta ajiye biro.

"Sukarin ya ƙaru."

"Injinku ne ya lalace. Rabona da sukari tun ranar da na bar nan."

Na lissafa mata zuma da folere, ina jiran yabo. Ta dafe goshi. Ta ce jini bai san zuma ba, bai san rake ba, zaƙi kawai ya sani. Ta ce ƙwayar hawan jini ba ta ciwon kai ba ce da za a sha in an ji, domin hawan jini ba ya sallama. Sai ta dube ni, ta sauke murya.

"Kawu, me ya kashe mahaifinka?"

"Jifa," na ce. Kowa a unguwa ya san wannan.

Mahaifina ya faɗi ne a zaure bayan azahar, hannunsa a cikin kwanon baƙo. Ya tashi bakinsa a karkace, hannun dama da ƙafar dama ba nasa ba. Shekara huɗu ya yi a kujera. Mutumin da muryarsa ke tsayar da ciniki a kasuwa ya koma in yana son ruwa sai ya buga cokali a jikin kujera. Mahaifiyata ke juya shi, ita ke wanke shi, har bayanta ya lanƙwashe. Akwai wani fatoma a lokacin, abokin hamayyarsa, a layin baya. Muka ce shi ne. Muka sha yawon malamai, aka sha rubutu, aka yi turare. Tun daga lokacin ba ma gaisawa da gidan, ko a makabarta.

"Ina ƙarama ina wucewa makaranta ina ganinsa a ƙofa," in ji ta. "Na tuna wuyansa, na tuna cikinsa. Ba wanda ya jefe shi, Kawu. Kwano biyar yake ci kamar kai. In haka za ka ci gaba, ka turo mini Hajiya in koya mata yadda ake juya babban mutum a kan gado ba tare da ta karya bayanta ba."

Na miƙe. Na gaya mata boko ya cinye mata kunya. Na gaya mata ubanta, da duk tabaransa, bai isa ya ambaci mahaifina da wannan bakin ba. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini sabuwar takardar magani, na fizge na fita. Wani ɗan benskin ya tsaya, na daka masa tsawa. Da ƙafa na taho gida don haushi, ban bi ta lungun makala ba, kuma wannan ce tafiyar gaskiya ta farko da na yi. Hanyar ta biyo da ni ta layin baya, ta ƙofar gidan mutumin da muka ce ya jefi ubana. Ɗansa na zaune a kan benci, ya yi furfura shi ma. Ya kau da kai, na kau da kai. Har yau ban gaishe su ba. Na dai daina tofar da yawu in na wuce.

Washegari na ce wa Hajiya ta ɗauke zumar. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce in ta ce "ai na faɗa" zan koma kwana Sandaga. Ta rufe, amma idonta ya faɗa.

Na fara shan ƙwayar kullum bayan asuba. Na fara tafiya ta babban titi, a gaban kowa, da carbi a hannu don a ɗauka wuridi nake. Makon farko gwiwoyina suka yi ta zagina. Shayi ba zaƙi kuwa, duk wanda ya ce maka za ka saba, maƙaryaci ne, kawai dai kana daina kuka. Amma abin da ya gagara shi ne zaure. Sai na ɓullo da dabara. Kwano ɗaya tak nake ci da gaske a rana. Sauran sai in wanke hannu da ƙarfi, in yi bisimilla da babbar murya, in ɗauki loma guda, sannan in kama labari. In ba su labarin ranar da na kori ɓarayi bakwai da takalmi ɗaya, hannuna na yawo a bakin kwano yana tsintar ganye. Na ɗauka ba mai lura.

Ɗan kasuwa kuwa kallon hannu ne sana'arsa. Wani mutumin Garoua, wanda ya shekara shida yana sauka wurina, ya tsaya da ci ya dube ni.

"Maigida, akwai wani abu a abincin ne?"

"Me ka gani?"

"Na ga kai ba ka ci. Ko dai mu ne ba a son ci da mu yanzu?"

Na rantse, na yi dariya, na ƙara loma biyu. Bai gamsu ba. Zuwansa na gaba motarsa a ƙofar bene ta tsaya. Bayan mako biyu ƙaninsa ya bi shi. Ina zaune a zaurena ina kallon butocinsu a barandar wancan mutumin, cikina na kukan yunwa, zuciyata na tafasa. Na shiga gida na ce wa Hajiya ita da likitarta sun kashe mini gida.

"Gidan ne ba ka so ya mutu," in ji ta, "ni kuwa mai gidan ne ba na so ya mutu."

"Kin ga baƙo biyu sun tafi!"

"Na gani. Su ne za su juya ka?"

Sannan jikin ya fara tona mini asiri. Babbar riga ta fara rataya a kafaɗata kamar an shanya ta. Hula ta fara juyawa. A unguwarmu kuwa mutum ba ya ramewa don ya so. In ka rame, ko dai kasuwa ta karye maka, ko kuma ciwon da ba a faɗin sunansa. Mata suka fara yi wa Hajiya sannu da murya mai laushi. Wata Juma'a a ƙofar masallaci, mutane cike, mutumin tsallake ya kamo hannuna da hannu biyu.

"Maigida, Allah ya sawwaƙe. Wallahi mun ga yadda jiki ke zubewa, muna ta addu'a. In baƙi sun yi maka yawa kada ka ji nauyi, ƙaninka na nan."

"Ƙanena," na ce, "naman da ya zube daga jikina ya fi ka nauyi kai da benenka. Kuma kumatun nan da kake mini ta'aziyya da su, a kwanona ka same su."

Aka yi dariya, aka raba mu. Amma na ga yadda wasu ke duban wuyan rigata, na san maganar ta riga ta kama hanyar Arewa a cikin motocin da suka koma babu kaya.

Komawata ta uku wurin likita, tef ɗin ya dawo da wuri. Yatsa huɗu suka tafi daga ƙuguna. Hawan jini ya sauko, sukarin ya ja da baya, kitsen ma ya ragu. Na tsaya ina jiran ta ce wani abu mai daɗi. Ta ce, "Ba a warkewa, Kawu, riƙewa ake yi. Ka saki, su dawo. Bayan wata uku." Ko sannu. Na ce mata baƙo biyu na rasa saboda ita. Ta ce huɗu take so in rasa, kuma ba waɗannan ba.

Baba ya iso ranar wata Laraba da azahar, motoci uku a bayansa. Ya sauko a hankali, ya ajiye butarsa a inda ya saba, ya dube ni daga hula har takalmi. Hajiya ta yi abin da ta saba yi masa: shinkafa da miyar gyaɗa, naman sa, soyayyar agada a kai. Aka buɗe kwano, ƙanshi ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Na riga na ci farantina tun kafin su iso. Na wanke hannu. Na tuna butoci biyun da ke barandar bene, na tuna ƙarar cokali a jikin kujera. Na ɗauki loma ɗaya, na haɗiye, na janye hannuna na ɗora a gwiwa. Ko labarin ɓarayi ban iya bayarwa ba.

Baba ya dubi hannun. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Kwana biyar ya yi, kullum haka. Ni loma ɗaya, shi yana cin abinsa. Mutanensa na kallonsa, suna jiran abin da zai yi. Rana ta uku mutumin tsallake ya shigo har zaurena, wai ya zo gaisuwa, da ƙunshin kilishi kamar tabarma, ya ce wa Baba ya zo ya sa wa sabon gini albarka. Baba ya tafi. Ya yi awa guda cur a can. Ina leƙe ta tagar zaure, na hango shi a baranda, fanka na kaɗa masa riga. In da likita ta auna ni a wannan awar, da injin nata ya fashe da gaske.

Rana ta biyar, an sayar da kaya, motoci na shirin juyawa, aka kawo kwanon sallama. Na ga in ban yi magana ba zan mutu da ita. Na sallami kowa daga zaure, na gyara zama, na fara. Na faro daga kakana da tsoron abincin bakin teku. Na zo kan mahaifina da kujerarsa. Na faɗi amalanken Sandaga, ban ce santsi ba ne. Na lissafa baƙin nan huɗu da suka sauka a cikina, da ƙwayar asuba, da farantin kyanwa, da rashin kunyar 'yar boko. Na ce na san na karya dokar gidan nan, na san an gaya masa ina mutuwa, na san can akwai fanka. Na ce shekara ashirin da biyu hannuna da nasa na kwano ɗaya, ban taɓa barinsa ya ci shi kaɗai kamar bare ba, yanzu kuwa ba zan iya ba, in ya ga zai tsallaka ba zan riƙe shi ba, amma ya sani da ciwo na janye hannun nan, ba da raini ba. Ni kaina jawabin ya taɓa ni. 

Baba bai daina ci ba har na gama. Ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannu, ya ɗauki tsinke ya fara sakace.

"Ka gama, ɗana?"

"Na gama, Baba. Za ka koma can ne?"

"In koma ina?" Ya cire tsinken ya duba, ya mayar. "Kai dai ka riƙe maganinka da kyau, kada ka kuskura ka warke. Shekara ashirin da biyu ina cin kwano ɗaya da kai, sai wannan zuwan na ƙoshi."